Lambar da ke bayan leda: wa ya auna ta, kuma gaskiya ce?

Duk mai saida biskit, taliya, madarar gari ko man girki a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ya saba ganin ƴan lambobi a bayan kwali ko leda, tare da haruffa kcal. Wannan shi ne kalori, wato awon ƙarfin da abinci ke ba jiki. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, to kalori awon wannan ruwan cikin ne. Mu ƴan kasuwa ba mu karɓar awo sai mun duba tiya, don haka bari mu duba wannan.

Kcal 1 shi ne zafin da ke ƙara wa litar ruwa 1 ɗumi da digiri 1. Masana na busar da abinci, su sa shi cikin wata tukunyar ƙarfe rufaffiya da ke nutse a ruwa, su ƙone shi ƙurmus, sannan su auna ɗumin da ruwan ya yi. Sai dai ciki ba murhu ba ne, ba ya cinye komi. Saboda haka, wajen shekara ta 1900, wani masani ɗan Amurka mai suna Atwater ya auna abin da mutane ke ci da abin da ke fita bayan gida da fitsari, ya cire wannan daga wancan. Lissafinsa: garam 1 na sitaci ko sukari kalori 4, garam 1 na sinadarin gina jiki irin na nama da wake kalori 4, garam 1 na mai kalori 9. Har yau galibin kamfanoni ba su ƙona komi, da waɗannan lambobi uku suke lissafi.

Ke nan lambar kintace ce ta tsaka-tsaki. A Amurka doka ta yarda kalori na gaske ya zarce na bisa leda da kashi 20 cikin 100. A 2012 masanan ma'aikatar noma ta wannan ƙasa sun gano cewa garam 28 na ƴaƴan itacen amand na ba jiki kalori 129, alhali tsohon lissafi na cewa kimanin 170, domin wani sashe na man na wucewa ba a narka shi ba. Haka gujiya: wadda aka niƙa ta fi wadda aka tauna shiga jiki.

Ruwa ma na sauya lissafi. Garam 100 na ɗanyar shinkafa na da kalori wajen 360, dafaffiya kuwa wajen 130. Nan ne maganar ta shafi uwaye mata. Cikin yaro ƙarami ne, kunu mai ruwa-ruwa na cika shi ba tare da ya samu ƙarfi ba. Cokalin mai ko niƙaƙƙiyar gujiya cikin kunu ya fi ƙarin ludayi biyu na tsararo.

Hukumar PAM na lissafa kalori 2.100 ga mutum guda a yini idan ana rabon agaji. Hatsi na da wajen 350 a garam 100, tiya kuwa kimanin kilo biyu da rabi ce, wato abincin mutum huɗu na yini guda tun ba a surfe an fidda dusa ba. Mai gida da ke auno tiya guda don mutum takwas, lissafi ya riga ya nuna akwai giɓi.

Inda awo ya fi tsanani shi ne Plumpy'Nut, abincin yara masu tamowa. Leda guda garam 92 ce, kalori 500. A yunwar 2005 ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara fiye da 60.000 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma wannan leda ce makaminta. Bisa nauyin yaro ake ƙayyade yawan da zai ci. Duk ledar da ta baro gidan mai jinya ta faɗo bisa tebur a kasuwa, kalori 500 ne aka zare daga bakin yaron da ke tsakanin rai da mutuwa. Ribar nan ba ta da albarka, kada mu saye, kada mu saida.

Abu na ƙarshe, kalori ba shi ne inganci ba. Madarar gari da yawa da ke shigowa Afirka ta Yamma daga Turai an cire mata man shanu an maye shi da man kwakwar manja. Kalorinta kusan ɗaya da na cikakkiyar madara, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma ba abincin jarirai ba ce. Sukari zalla na da kusan 400 a garam 100, bai gina jikin kowa ba.

Shawararmu ita ce: mu duba ko lambar ta garam 100 ce ko ta leda duka. Kada mu ruɗe da kJ, wadda ta ninka kcal sau huɗu da ɗoriya. Mu karanta jerin abin da aka haɗa da ranar lalacewa kafin mu ɗauki katan. Mai saye ya dogara da bakinmu fiye da rubutun da sau da yawa bai iya karantawa ba, to mu faɗa masa abin da ke ciki tsakani da Allah.