Munduwar Bayanin Cuta da Batun Rufin Asiri a Kudancin Birnin Kaduna

Ɗaura rubutu a jiki domin neman tsari tsohuwar al'ada ce a wurin Bahaushe. Laya da kambu da guru sun isa shaida. Saboda haka akwai mamaki a ce har yau munduwar bayanin cuta, wato ɗan ƙarfe ko roba da ake zana ciwon mutum a kai ya riƙa sawa a hannu ko a wuya, ba ta samu gindin zama a ƙasar Hausa ba. A Amurka likita Marion Collins ne ya kafa gidauniyar MedicAlert a 1956, bayan da wata allura da jikin 'yarsa bai karɓa ba ta kusa hallaka ta. Hikimar abin ita ce mutumin da ya suma ba ya iya gaya wa kowa abin da ke damunsa, don haka sai rubutu ya faɗa a madadinsa.

Unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Maƙera da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, suna da matuƙar buƙatar wannan abu. Tun daga buɗe masaƙar Kakuri a 1957 yankin ya zama matattarar ma'aikata daga ƙabilu iri-iri, ga kuma matafiya da ke bi ta nan zuwa Abuja. A ƙauye, in mutum ya faɗi, kowa ya san ɗan gidan wane ne, an kuma san ciwonsa. A tashar mota ko cikin Keke Napep kuwa, a hannun baƙi yake faɗuwa. Mai ciwon suga da sugansa ya yi ƙasa yakan yi gumi, ya ruɗe, harshensa ya sarƙe, sai a ɗauka ya yi tatul ne a bar shi a yashe, alhali in yana iya haɗiya lemon kwalba guda kan farfaɗo da shi. Mai farfaɗiya kuma a cusa masa cokali a baki, abin da likitoci suka hana, ko a dare a ba shi wuri don camfin cewa yawunsa na harbi. Ko an garzaya da shi asibitin St. Gerard ko na Gwamna Awan, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓarsa, amma doka ba za ta sanar da likita cewa jikinsa ba ya karɓar fenisilin ba. Ga kuma amosanin jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi duk shekara a Nijeriya.

Babbar hujjar masu ƙyamar munduwar ita ce rufin asiri, kuma hujja ce mai nauyi. Budurwar da aka san tana da farfaɗiya tana iya rasa manemi, magidanci kuma yana iya rasa aiki. Sai dai ranar da ciwon ya kayar da mutum a bainar jama'a asirin ya riga ya tonu, ga shi kuma babu wanda ya san yadda zai taimaka. Mafita ita ce a zana bayanin a cikin munduwar, ɓangaren da ke manne da fata, a bar alama kaɗai a waje. Ta haka mai wucewa ba zai karanta ba, mai ceto kuwa zai juya ya gani.

Wajen zaɓe ma al'ada da addini suna da ta cewa. Musulunci ya haramta wa namiji zinare, maza da yawa kuma suna ɗaukar awarwaro da sarƙa kayan adon mata ne. Ga namiji, maɗauri irin na agogo, na fata ko roba mai ɗan faranti na ƙarfen da ba ya tsatsa, shi ya fi dacewa. Ga yaro, roba mai laushi ta fi sarƙar wuya aminci. Abin da za a rubuta ya taƙaita ga suna, da cuta, da maganin da ake sha, da wanda jiki ba ya karɓa, da lambar wayar ɗan'uwa. Likita ne kuma ya kamata ya tantance bayanin, domin kuskure a nan ya fi rashin munduwar haɗari. Maƙeran farfaru da dukawa suna da gwanintar da za a ƙera ta a gida cikin rahusa.

A nan ne aikin masana Hausa ya shigo. Da Ingilishi ake horar da likitoci, saboda haka dole sunan cuta ya zo da Ingilishi. Amma wanda ke fara isa ga marar lafiya galibi ɗan acaɓa ne ko mai shayi, kuma Hausa ce ta haɗa Bagwari da Bajju da Ibo da Bayarabe a waɗannan unguwanni. Wane suna za a zana, sikila ko amosanin jini? Ciwon suga ko ciwon sukari? Wace jimla mai kalmomi biyar ce za ta hana a sa cokali a baki ba tare da ta ruɗar da mai karatu ba? Ga kuma matsalar baƙaƙe masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ, waɗanda masu zanen ƙarfe kan yi watsi da su.

Ya kamata sassan nazarin Hausa, musamman na Jami'ar Jihar Kaduna da ta Ahmadu Bello, su zauna da likitoci su fitar da daidaitattun kalmomi da gajerun umarni na cututtukan da suka fi yawa, su gwada su a kan direbobi da 'yan kasuwa a Kakuri da Sabon Tasha, sannan a koya wa ma'aikatan asibiti da jami'an kiyaye haɗura duba wuyan hannun duk wanda aka tsinta a sume. In ba a koya wa masu ceto dubawa ba, munduwar ba za ta wuce kayan ado ba.