BIRNIN KANO YANA GIRMA: INA RUWAN MANOMI?

Duk manomin da ke zaune a kewayen Kano ya san abin da ke gudana. Gonar da aka girbe gero a cikinta bara, bana an kafa mata turaku, baɗi kuwa sai ka tarar da bulo da kwano. A cikin birni kuma, bayan ganuwa, gidaje sun matse, lunguna sun ƙuntata, ruwan sama ya rasa hanyar wucewa. Mutane da yawa suna ɗauka waɗannan matsaloli biyu ne dabam. Mu dai a ganinmu matsala ɗaya ce. Muddin ba a gyara tsofaffin unguwannin cikin birni ba, to, gonakin ƙauye ne za su ci gaba da biyan bashin.

Wani mai karatu zai ce, "Ni manomi ne, ina ruwana da Jakara ko Mandawari?" Sai mu ce, a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

YADDA BIRNIN YAKE A DA

Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya soma gina ganuwar Kano, wajen shekara 900 da suka wuce. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903, kewayen ganuwar ya haura mil 10.

Amma ga abin da ya kamata manomi ya lura da shi. Magabatan ba su cika birnin da gidaje ba. Baturen nan Clapperton da ya zo a 1824 ya tarar gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, ya kimanta mazauna birnin wajen 30,000. An bar filin nan ne da gangan, domin in yaƙi ya zo aka rufe ƙofofi, mutane su sami wurin shuka da wurin kiwo.

Akwai kuma kududdufai. Daga nan ake haƙar ƙasar yin tubali. Ramin da ya saura shi ke tare ruwan sama da damina, ya riƙe shi, ya sake shi a hankali cikin ƙasa, rijiyoyin unguwa su samu. Abin da ya yi rara sai ya gangara kwarin Jakara ya fice daga gari. Ba injiniya ne ya zana wannan ba, amma ya yi aiki shekaru ɗaruruwa.

Tsakanin birni da ƙauye kuma akwai wata tsohuwar ma'amala. Da rani jakuna suna shiga ta Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa da Kabuga ɗauke da itace da hatsi da harawa, su fito da mangala cike da taki: toka, kashin awaki da tumaki, da sharar gida. Michael Mortimore, malamin jami'ar da ya yi nazarin gonakin kewayen Kano tun daga shekarun 1960, ya nuna cewa da irin wannan taki da na dabbobin gida ne ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni.

ABIN DA YA CANZA

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Cinikin gyaɗa ya buɗe, Sabon Gari ya kafu, Fagge ta cika. Daga baya masana'antu suka tashi a Bompai da Sharaɗa da Challawa. An ma yi wa garin tsari na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani Bature mai suna Trevallion ya rubuta. Sai dai jama'a sun fi takarda sauri. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9, kuma ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama babban birnin, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, suna da kusan miliyan 3 daga ciki. Tun daga lokacin kuwa ƙaruwa ake yi.

A cikin ganuwa, gonakin da Clapperton ya gani sun zama unguwanni. Gidan da kaka ya gina wa iyali ɗaya, an raba shi gado sau biyu ko sau uku, tsakar gida ta zama ɗakuna. Da fili ya ƙare sai aka juya kan kududdufai. A fara zuba shara, in ta taru a danne da ƙasa, a yanka fuloti. Ita ma ganuwar ba ta tsira ba: wasu sun ɗebi ƙasarta sun yi gini, wasu sun gina a kanta. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi.

To, ruwa ba ya manta hanyarsa. Kududdufin da aka cike, ruwansa yana nan yana zuwa kowace damina, sai dai yanzu ɗakin mutane yake shiga. Tsofaffi ba su manta da ambaliyar watan Agusta na 1988 ba, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa masu yawa kuma suka faɗi a Kano. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfa da shadda na kuɗi masu yawa, 'yan kasuwa kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa.

INDA ABIN YA TAƁA MANOMI

Na farko, ƙasa. Saurayin da ya tashi a Yakasai ko Sheshe, in zai yi aure, ba ɗaki a gidan ubansa. Sai ya nufi bayan gari. Haka Rijiyar Zaki da Dorayi da Kurna da Bachirawa da Sheka suka cika, yanzu kuma abin ya kai Janguza da Zawaciki da ƙauyukan Kumbotso da Ungogo. Yawancin filayen nan awon igiya ne: dillali ya sayi gona, ya auna da igiya, ya yanka ƙanana, bai bar titi mai faɗi ba, bai bar wurin makaranta ko kwata ba. Bayan shekara goma sabuwar unguwar ta gaji cutar tsohuwar, ba ta kuwa gaji tarihinta ba. Gonakin da ake yankawa kuma ba gonakin banza ba ne. Su ne waɗanda aka yi shekaru ana zuba musu taki.

Na biyu, taki. Sharar birni ta yau ba irin ta da ba ce. Ta cika da leda da robar ruwa da fasassun kwalabe da tsofaffin batura. Manomin da ya sayi tifa guda, sai ya sa yara su yi kwanaki suna tsince ta. Ledar da ta saura tana hana saiwa tafiya, akuyar da ta haɗiye ta kuwa sai ta rame ta mutu.

Na uku, ruwa. Jakara ta zama babbar kwatar birni. A gaba tana haɗuwa da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su gangara zuwa madatsar Wasai a Minjibir. A bakin wannan ruwa ake noman latas da kabeji da alayyafo da karas, a kai kasuwa, kowa ya saya. Abin da aka zuba a kwata a cikin birni, shi ke komawa cikin miya.

ABIN DA AKA GWADA

Ba za mu ce hukuma ba ta yi kome ba. A zamanin mulkin 2011 zuwa 2015 an gina gadar sama a Ƙofar Nasarawa, an soma rufe kwarin Jakara da kankare domin a shimfiɗa titin da ake kira Wuju-Wuju, an kuma gina sababbin rukunonin gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a bayan gari. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnati ta rushe shagunan da aka gina a filin Idi da wasu wurare, masu shagunan suka kai ƙara, kotu ta ce a biya su diyya.

A nan akwai darasi. Gada tana sauƙaƙa wa mai mota, amma ba ta kai famfo lungu ba. Gidajen bayan gari sun fi ƙarfin mai facin taya da mai sayar da ƙosai. Rushewa kuma, in wata hukuma ta ba da izini wata ta zo ta rushe, dukiyar jama'a ce ta salwanta sau biyu. Rigakafi ya fi magani. Hana gini a kan hanyar ruwa tun ranar da aka kafa turke ya fi rushe bene mai hawa uku araha.

Akwai masu cewa, "Ganuwa ba ta ciyar da kowa, mutane kuwa suna bukatar wurin kwana." Gaskiya ne suna bukata, ba ma musun wannan. Amma wurin kwanan da ruwa ke shiga kowane Agusta ba taimako ba ne. Kuma tsohon gari ba kaya ne mai nauyi kawai ba. Tsohon garin Agadas a Nijar ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013, mutanensa suna zaune a gidajensu na ƙasa. Ganuwar Kano tana cikin jerin masu jiran shiga tun 2007, tana jira tana zaizayewa. Dutsen Dala da Kurmi da marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama arziki ne da ba a saya da kuɗi.

ABIN DA MUKE GANI YA KAMATA

Ga hukuma, muna da roƙo huɗu. A lissafa kududdufan da suka rage, a kafa musu iyaka, a hana cike su, a yashe su da rani. A sa kuɗin famfo da kwata a lungunan Dala da Gwale da Birni da Kewaye gaba da kuɗin sabuwar gada, domin iyalin da ke sayen ruwa daga 'yan garuwa kullum suna biya fiye da mai famfo a gida. Hukumar KNUPDA ta riga dillalai isa ƙauye, ta fitar da titi da filin makaranta da maƙabarta kafin a yanka, ba bayan an gina ba. Hukumar kwashe shara kuma ta ware wuraren da za a raba leda da abin da ke ruɓewa, a sayar wa manoma taki mai tsabta. Wannan zai ba matasa aiki, ya rage bola, ya rage wa manomi kuɗin takin zamani.

Ga masu unguwanni da mazauna birni: aikin gayya bai mutu ba. Yashe kwata a watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, ya fi kwasar kaya a kai cikin dare. Gidan ƙasa kuma in ana yi masa yaɓe da gyaran indararo kowace shekara, ya fi gidan bulo da kwano sanyi a watan Afrilu.

Ga 'yan'uwanmu manoma, wannan ne ya fi damunmu. Dillali zai zo da kuɗin da ba ka taɓa riƙewa ba. Kafin ka karɓa, ka zauna da iyalinka ku yi lissafi. Kuɗin gona yakan tafi a biki da babur da sabon aure cikin shekara biyu, gona kuwa ta ciyar da kakanka, ta ciyar da kai. In dole ne ka sayar, kada ka sayar duka, kuma ka mai da kuɗin cikin wata gonar ko dabbobi ko sana'a tun bai narke ba. Ka nemi takardar shaidar gonarka, da sa hannun dagaci da shaidu. Ka sani kuma, bisa dokar ƙasa ta 1978, filaye suna hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma in hukuma ta karɓi fili domin amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan filin ce, kamar shuka da itatuwa da gini. Saboda haka mangwaro da ɗorawa da rijiyar da ke gonarka suna da daraja fiye da yadda kake tsammani.

Maƙwabta kuma su haɗa kai. In gonaki biyar suna jere, masu su suka yarda za su bar hanya mai faɗi da wurin ruwa kafin kowa ya sayar, filin kowa zai ƙara daraja. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya riƙe gonarsa kuwa, ga kasuwa ta zo masa har ƙofa: kayan miya, ƙwai, kaji, madara da ragunan layya, birni ba ya ƙoshi da su.

Kano za ta ci gaba da girma, ba mai hana ta, ba ma fatan a hana ta. Abin tambaya shi ne, wace irin unguwa jikokinmu za su tarar: mai titi da famfo da inuwa, ko kuwa lungun da motar asibiti ba ta iya shiga? Magabata sun bar gona da kududdufi a cikin ganuwa saboda sun san gari ba ya rayuwa da gidaje kaɗai. Mu ma mu bar wa na baya wurin shuka da hanyar ruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka.