Tagulla Mai Yawan Kuza: Darajarta A Maƙera Take, Ba A Kan Murhu Ba

A Koriya ta Kudu ana kiranta bangjja, a Indiya kuma kansa. Tagulla ce da ake haɗa kusan kashi 78 na jan ƙarfe da kashi 22 na kuza, kuma a 'yan shekarun nan ta sake samun kasuwa a wurin masu neman kayan girki na gargajiya. Masu tallarta suna jingina mata abubuwa da yawa: wai tana ɗaukar zafi fiye da sauran tukwane, tana kashe ƙwayoyin cuta, tana gyara abinci. Wasu daga cikin waɗannan maganganu suna da tushe, wasu kuwa zuƙi ta malle ne. Abin takaicin shi ne, babban dalilin da ya sa ta cancanci kuɗinta shi ne wanda ba a cika faɗa ba.

Tagullar da aka saba da ita, wadda ake zuba gumaka da kayan injina da ita, kuzarta ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 12 ba. Idan kuza ta haura kashi 15 ko kusa da haka, aka bar ƙarfen ya huce a hankali, sai ya zama mai gautsi, bugu ɗaya na guduma ya tsage shi kamar kasko. Bisa wannan ƙa'ida, bai kamata a iya ƙera kwano da mai kashi 22 ba. Amma maƙeran Asiya sun gano tun ƙarnoni da dama cewa akwai wata taga: idan aka gasa wannan haɗi ya yi ja, tsakanin digiri 600 zuwa kusan 800 a ma'aunin Salshiyas, yakan yi laushi har a buge shi ya baje. Da an gama, sai a sake gasa shi a tsoma cikin ruwan sanyi nan take. Wannan tsomawar ce take hana tsarin cikinsa komawa ga gautsi. A Koriya gungun maƙera ne ke kewaye ƙarfe ɗaya suna bugu bi da bi, kuma bisa al'ada da dare suke aikin, domin a duhu ne ido ke iya karanta launin wuta daidai. Gwamnatin ƙasar ta sanya wannan sana'a cikin kayan gadon da take karewa a 1983, kuma akwai gidan tarihi na bangjja a birnin Daegu.

A nan ne maganar lafiya ta shigo. Mai zubin tagulla yakan so ƙara dalma, domin tana sa narkakken ƙarfe ya kwarara cikin kowane lungu na mazubi, tana sauƙaƙa goge shi, kuma ta fi kuza araha nesa ba kusa ba. Idan kuma da tarkacen tsofaffin famfuna da kayan injina aka yi narkin, dalma kan shigo ko ba a gayyace ta ba. Mai ƙirar bangjja ba shi da wannan dama. Dalma tana narkewa a digiri 327, don haka a zafin da ake bugu ta riga ta zama ruwa a cikin ƙarfen, kuma guduma na sauka kwanon zai dare. Ke nan kwanon da ya jure ɗaruruwan bugu a kan uwar maƙera ya riga ya ba da shaidar cewa ba a cika shi da dalma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka sani ba shi da illa, kuma wanda ya tuna yaran da gubarta ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani.

Wannan ba ya nufin duk tagullar zubi gurɓatacciya ce. Akwai masu zubi da ke amfani da tsarkakakken jan ƙarfe da kuza. Sai dai a wurinsu amana ce kawai ke tsare mai saye, ko gwajin ɗakin bincike. Rubuta 78 da 22 a jikin kwali ba hujja ba ce, haka ma amon da kwano ke yi idan an ƙwanƙwasa shi, duk da daɗinsa.

Batun girki kuwa, gaskiyar ba ta yi wa masu talla daɗi. Tsantsar jan ƙarfe yana watsa zafi da sauri ƙwarai, amma kuza tana dakushe wannan baiwa. Tagulla mai kashi 10 ta riga ta faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfin jan ƙarfe, wato ta yi kusa da baƙin ƙarfen zubi, kuma ƙarin kuza ba ya dawo da abin da aka rasa. Abin da masu girki a jihar Kerala ke yabawa a uruli, faffaɗar tukunyar da suke dafa payasam na shinkafa da madara a cikinta, kaurinta ne da nauyinta: tana jinkirin ɗaukar zafi, tana jinkirin sakinsa, madara ba ta saurin kamawa. Uruli kuma zubi ce, ba ƙira ba. Siririn kwanon da aka ƙera ba shi da wannan nauyi, kuma idan aka manta shi babu komai a kan wuta mai ƙarfi ya huce da kansa, ana iya warware aikin da tsomawar nan ta yi, gautsi ya dawo.

Akwai kuma tsami. Yawan kuza yana rage saurin cin ƙarfe, shi ya sa bangjja ba ta saurin yin koren tsatsa kamar tagullar gama-gari, amma har yanzu kusan kashi huɗu cikin biyar na jikinta jan ƙarfe ne. Tumatir, tsamiya, lemun tsami ko nono da aka daɗe ana tafasawa ko aka bari suka kwana za su ja jan ƙarfe cikin abinci. Ƙa'idar abinci ta hukumar FDA a Amurka ta hana haɗa jan ƙarfe da danginsa da abincin da ma'aunin pH ɗinsa ya gaza 6, kuma magidantan Indiya sun daɗe suna nisanta kansa da kayan tsami tun kafin a san wannan ma'auni. Kashe ƙwayoyin cuta gaskiya ne, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa irin waɗannan ƙarafa rajista a 2008, amma domin wuraren da hannu ke taɓawa, irin su mariƙin ƙofa. Miyar da ta tafasa ba ta jiran taimakon tukunya.

Su kansu Koriyawa ba su rikita wannan ba. Kwanon shinkafa, kwanon miya, cokali, tsinken ci, kayan bikin tunawa da kakanni da kuma gwangwan kiɗa, su ne yawancin abin da suka ƙera da bangjja, shinkafa kuwa a tukunyar baƙin ƙarfe suke dafa ta. Wanda zai kashe kuɗi mai yawa a kanta, ya sayi kwanon ci da aka ƙera, ya tambayi mai sayarwa ko ƙira ce ko zubi, idan kuma ya ce zubi ce, ya nemi takardar gwajin dalma kafin a yi maganar farashi.