Giwayen Yankari da Manoman Gefen Daji

Mai zuwa dajin Yankari da rani yakan yi sa'ar ganin giwaye a bakin kogin Gaji, manya sun sa ƙanana a tsakiya, suna watsa wa bayansu ƙura da hanci. An ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a Najeriya ba su wuce 400 ba.

A Janairun 2024 gwamnati ta niƙe hauren giwa tan 2.5 a Abuja. Madalla. Sai dai mafarauta ba su kaɗai ne barazana ga giwaye ba. Garken giwaye kan tattake gonar masara cikin dare ɗaya, kuma manomin Alkaleri na gefen dajin da aka yi wa haka ba zai saurari wa'azin kare namun daji ba. Ya kamata gwamnatin Bauchi ta ware kuɗin diyya, ta kuma riƙa biyan masu gadin daji haƙƙinsu a kan kari.