Albasar Madawa na tsakanin dokokin duwan biyu: me ficewar Nijar daga CEDEAO ta canza?

Duk wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Galmi a lokacin rani ya san yadda manyan motoci ke jere ana loda musu jajayen buhunan albasa. Daga Sabon Gida a gundumar Madawa, da Karofan a Buza, har Tamaske a Keita, albasa ce ke biyan kuɗin aure da na magani, kuma ita ke riƙe samari da dama a gida lokacin da wasu ke tafiya cin rani. Kasuwarta kuwa tana nesa: Accra, Kumasi, Abidjan, Lome da Kwatano. Shi ya sa duk wata doka da ta shafi iyaka, manomin jihar Tahoua ne ke fara jin ta a jikinsa.

Matsalar ta fara ne bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Motocin albasa da suka nufi Gana sun maƙale a iyakar Benin, kaya ya ruɓe a cikinsu. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, kuma iyaka da Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma Nijar ba ta buɗe gadar Gaya da Malanville ba, bisa dalilan tsaro. Sai direbobi suka koma bi ta Burkina Faso, inda sau da yawa ake jiran rakiyar sojoji, ko kuma su ratsa ta Najeriya. Albasa ba ta son jira, kowace rana a hanya asara ce, kuma dillali yakan cire wannan asarar daga kuɗin da yake ba manomi.

Batu na biyu na shari'a ne. Nijar ta fita daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma tana cikin UEMOA. A ƙarƙashin dokar UEMOA, amfanin gona da ba a sarrafa ba yana shiga Togo, Benin ko Kodebuwa ba tare da harajin duwan ba. Gana da Najeriya kuwa ba sa cikin UEMOA. Abin da ke kare albasar Nijar a can shi ne tsarin cinikayya maras shinge na CEDEAO, wanda ƙungiyar ta ce za a ci gaba da amfani da shi ga kayan ƙasashen uku har sai an fitar da wata sanarwa. Ke nan kariyar ta wucin gadi ce. Idan tattaunawa tsakanin CEDEAO da ƙawancen AES ta rushe, babu abin da zai hana Gana ɗora wa albasar Galmi haraji kamar kayan kowace baƙuwar ƙasa.

Ita ma Nijar ta ɗauki nata matakan. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje, ban da Mali da Burkina Faso. Haramcin bai shafi albasa ba, amma ya nuna cewa doka na iya canzawa dare ɗaya. A Maris 2025 kuma AES ta kafa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su daga waje, daidai da adadin da CEDEAO ke karɓa a da.

Ga 'yan Nijar mazauna Gana ko Kodebuwa masu zuba jari a wannan sana'a, takarda yanzu ta fi sanayya muhimmanci. Motar da ba ta da takardar duwan ta fitar da kaya da shaidar lafiyar tsirrai ita ce ake fara tsarewa a shinge, ita ce kuma ake tatsa. Bi ta ɓarauniyar hanya, kamar yadda wasu ke yi ta wajen Bangi zuwa Sabon Birni, na iya rage kuɗi, amma yankin na fama da 'yan bindiga, kuma idan aka kama kaya babu inda za a kai kuka.

Abin da manoma za su sa wa ido kafin girbi mai zuwa biyu ne: ko za a buɗe gadar Malanville, da kuma ko AES da CEDEAO za su sa hannu kan yarjejeniyar ciniki ta dindindin. Kafin nan, farashin buhu a Madawa zai ci gaba da bin labarin iyaka.