Ƙa'idojin Shiga Jami'a: Haƙƙin Ɗan Gida da Haƙƙin Baƙo

Gabatarwa

A kowace shekara matasa fiye da miliyan ɗaya da rabi suke zana jarrabawar neman shiga manyan makarantu a Nijeriya, alhali guraben da jami'o'i suke da su ba su isa su ɗauki ko da rabin wannan adadi ba. Duk inda masu nema suka fi abin nema yawa, tilas ne a gindaya sharuɗɗa, kuma tilas ne wasu su rasa. Saboda haka babu laifi idan jami'a ta tsananta wajen zaɓen ɗalibanta. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, tsananin ba ya zama adalci sai ƙa'idar ta kasance a rubuce, tabbatacciya, kuma mai nema ya san ta tun da sauran lokaci. Idan aka rasa waɗannan abubuwa uku, waɗanda suka fi cutuwa su ne ɗan ƙauye da kuma baƙon da ya ƙetaro iyaka neman ilimi.

Asalin Ƙa'idojin

Kafin shekarar 1978, kowace jami'a ita take shirya nata tsarin ɗaukar ɗalibai. Wannan ya sa ɗalibi ɗaya yakan sami gurbi a jami'o'i biyu ko uku, wani kuwa ya tashi a tutar babu. Don magance haka aka kafa hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wato JAMB, a wannan shekara. A yau ana buƙatar mai nema ya sami kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, galibi har da Ingilishi da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, sannan ya ci makin da jami'ar ta yanka.

A jami'o'in tarayya akan raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kashi 35 na 'yan jihohin da suke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a fannin ilimin zamani. Akwai masu sukar wannan rabo da cewa yana danne mai ƙoƙari. Amma yaron da ya gama sakandare a makarantar da ba ta da malamin Kimiyya ko ɗakin gwaje-gwaje bai fara tseren daga layi ɗaya da ɗan birni ba. Ban da haka, rabon yana da wata fa'ida babba, ita ce sananne ne, kuma ya daɗe bai sauya ba. Kowa yana iya yin lissafinsa a kai.

Illar Yawan Sauye-sauye

Sauran ƙa'idojin ba su sami irin wannan zama ba. A 2005 aka ƙirƙiro jarrabawa ta biyu wadda kowace jami'a take yi wa waɗanda suka ci ta JAMB. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'o'i da ta kwalejojin ilimi da na fasaha ta zama guda. A 2013 aka fara zana ta da kwamfuta, zuwa 2015 aka daina ta takarda ɗungurungum. A 2016 Ministan Ilimi Adamu Adamu ya soke jarrabawa ta biyu, a 2017 aka dawo da ita. A 2021 aka wajabta wa kowane mai nema mallakar lambar shaidar ɗan ƙasa. A 2024 Minista Tahir Mamman ya sanar da cewa shekara 18 ce za ta zama mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, amma kafin shekarar ta ƙare magajinsa Tunji Alausa ya mayar da ita 16.

Da yawa daga cikin waɗannan matakai suna da amfani. Kwamfuta ta rage satar amsa, lambar ɗan ƙasa kuma ta toshe wa masu sojan gona hanya. Matsalar tana wajen lokacin sanarwa. Ɗan birni yana jin labari ranar da aka fitar da shi, kuma shagon intanet yana bakin layinsu. Ɗan ƙauye kuwa sau da yawa ba ya ji sai ranar da ya haɗa kuɗin mota ya iso wurin rajista, a ce masa ya koma ya kawo abin da bai taɓa jin sunansa ba. 

Samun gurbi ma ba ya kawo ƙarshen wahala. A wajen tantancewa akan kwatanta sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa a duk takardunsa. Wanda aka rubuta wa Muhammad a firamare, Mohammed a sakandare, Muhammadu a katin ɗan ƙasa, yana iya shafe makonni tsakanin kotu da ofisoshi yana neman gyara, har wa'adin rajista ya wuce. Kuskuren wani malami ko akawu ne, amma yaron ne yake biya da shekara guda ta rayuwarsa.

Matsayin Ɗalibi Baƙo

Abin da ɗan gida yake fuskanta, baƙo yana fuskantar ninkinsa. Maraɗi ta fi kusa da Katsina a kan Yamai, Damagaram kuma ta fi kusa da Kano. Matashin da ya tashi a waɗannan garuruwa Hausa yake yi kamar Bakano, watakila ma yana da dangi a Kano ɗin. Amma ya yi karatunsa da Faransanci, kuma takardar da yake riƙe da ita ta Bakaloriya ce. Kafin a saurare shi sai an fassara takardunsa, an auna darajarsu, ya nuna shaidar iya Ingilishi, ya sami izinin zama, sannan ya biya kuɗin makaranta da galibi ya fi na ɗan ƙasa. Haka abin yake ga ɗan Chadi ko ɗan arewacin Kamaru da yake son shiga Jami'ar Maiduguri. Kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan yana da dalilinsa. Abin da yake gajiyar da baƙo shi ne warwatsuwarsu a ofisoshi dabam-dabam, da rashin wanda zai faɗa masa su gaba ɗaya tun yana gida. Ga kuma yajin aikin malamai, irin na wata takwas da aka yi a 2022, wanda yake barin baƙo yana cin guzurinsa ba karatu.

Ƙasar Hausa ba ta saba da rufe wa mai neman ilimi ƙofa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda jami'ar Sakkwato take ɗauke da sunansa, an haife shi ne a Marata cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, kuma ya tafi har Agadas don karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Jami'ar da ba ta da baƙi tana hana ɗalibanta sanin yadda wasu suke tunani.

Hujjojin Masu Adawa

Masu adawa suna da hujjoji biyu masu ƙarfi. Ta farko, gurabe ba su ishi 'yan ƙasa ba, to don me za a ba baƙo? Amsa ita ce a keɓe wa baƙi ɗan ƙaramin kaso sananne wanda ba zai taɓa rabon 'yan ƙasa ba. A kuma tuna cewa 'yan Nijeriya da yawa baƙi ne a jami'o'in Masar da Saudiyya da Nijar, har da Jami'ar Musulunci ta garin Say. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka kwaso ɗaliban Nijeriya, su ma da takardun waje suka tsaya a ƙofar jami'o'in gida. Hanyar da aka gyara wa baƙo, wata rana ɗan gida zai bi ta.

Hujja ta biyu ita ce takardun jabu. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin jami'o'in Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri a Kwatano cikin mako shida. Wannan barazana gaskiya ce. Maganinta shi ne jami'a ta tuntuɓi hukumar da ta ba da takardar kai-tsaye, domin mai jabu ya fi kowa jin daɗin tsari mai duhu.

Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, duk sabuwar ƙa'ida a sanar da ita shekara guda cur kafin ta fara aiki. Na biyu, kowace jami'a ta tattara sharuɗɗanta da kuɗaɗenta da ranakunta a ɗan littafi guda, cikin Ingilishi da Faransanci da Larabci da harshen yankinta. Na uku, a samar da ofishi ɗaya da baƙo zai kammala komai a cikinsa, tare da kwas na share fage a Ingilishi. Na huɗu, wanda aka sami saɓanin rubutun suna a takardunsa a yi masa rajistar wucin gadi har ya gyara.

Malamin makaranta ma yana da nasa kaso. Shi ne yake fara rubuta sunan yaro a rajista, shi ne kuma zai iya lura da cewa darussan da yaron ya zaɓa ba za su kai shi fannin da yake buri ba. Mai takardar NCE shi kansa yakan bi hanyar shiga kai-tsaye zuwa aji biyu na jami'a, don haka sanin waɗannan ƙa'idoji amfanin kansa ne kafin na ɗalibansa.

Kammalawa

Jami'a tana da haƙƙin zaɓen wanda ya cancanta, mai nema kuma yana da haƙƙin sanin ma'aunin da za a auna shi da shi. Wanda ya faɗi jarrabawa ya san abin da zai gyara baɗi. Wanda ya ci amma ya rasa gurbi saboda sanarwar da ba ta iso shi ba, ko harafi ɗaya a sunansa, an zalunce shi, ko daga Ɓatagarawa ya fito ko daga Tasawa. Gyara wannan bai buƙatar sabon gini ko maƙudan kuɗi, illa hukumomi su tsaya kan magana ɗaya, su kuma faɗe ta da wuri.