Aikin Hannu A Gida: Inji Ma Yana Numfashi

A wannan wata zancenmu a kan inji ne, gama hunturu ya kama, ƙura kuwa ta rufe hanyoyinmu daga Balan har Ajingi da Gaya. Iyali da yawa a nan abincinsu yana rataye ne ga inji guda: babur ɗin haya, ko tsohuwar mota mai kai fasinja kasuwar Wudil ran Jumma'a. Ranar da injin nan ya buga, kuɗin makarantar yara ne zai tafi gareji.

Kowa ya san inji yana bukatar baƙin mai. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, yana numfashi kuma. Sa'ad da fetur ya ƙone a cikin silinda, wani ɗan hayaƙi yakan kuɓuce ta gefen ringin fistin, ya sauka ƙasa inda baƙin mai yake kwance. In bai sami hanyar fita ba, sai ya taru ya matsa, ya turo mai waje ta gaskit da sil. Tururin ruwan da ke cikinsa kuma ya gauraya da man, ya mai da shi kamar taɓo. Domin haka maƙera suka yi masa mafita. A dā bututu ne kawai mai zubar da hayaƙin a hanya. A Amurka aka soma canja wannan, a jihar Kalifoniya a 1961, aka sa ɗan bawul mai suna PCV da tiyo, su mai da hayaƙin cikin inji ya sake ƙonewa.

Wannan tsari ɗaya ne ga motar tsere da motar kasuwa. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta soma aiki a 1975, ita ce ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a wannan shekara, cikin ƙura irin tamu. Ƙarfen kirki ne, amma da kulawa ya kai ga nasara.

Ga alamun toshewar numfashi: mai yana tsatsafowa a murfin inji, ko ka tarar da mai cikin akwatin filtar iska, ko inji yana rawa in yana tsaye, ko mai yana raguwa ba dalili. Mutum yakan canja gaskit sau biyu, yoyon bai daina ba, gama ba a taɓa tushen ciwon ba.

To, ga abin da maigida zai iya yi da hannunsa. Ka kashe inji, ka buɗe boneti, ka bi tiyon da ya fito daga murfin saman inji. Ka matsa shi da yatsa. In ya bushe ya tsage, ko ya yi laushi kamar danƙo, ka sa sabo daidai kaurinsa, ka ɗaure da kilif. In motarka mai ɗan bawul ce, ka zare shi ka girgiza kusa da kunne. Mai lafiya yakan yi ƙwas-ƙwas. Wanda ya yi shiru ya toshe, a canja shi. Waɗansu motoci kuwa faifan roba ne a cikin nasu, ba ya ƙara, sai a duba ko ya yage. Ka tafi da tsohon a hannu sa'ad da za ka sayi sabo, ko a Gaya ko a Ƙofar Ruwa cikin Kano, domin kada a ba ka na wata mota. Babur ma yana da ɗan tiyon numfashi. Ka tabbata bai lanƙwashe ba, laka ba ta toshe bakinsa ba.

Sa'an nan sai juyen mai. Ka ta da inji minti biyar domin man ya tsinke, ka kashe. Ka ajiye kwano a ƙasa, ka kwance notin zubarwa, ka bar man ya tsiyaye sarai. Ka cire tsohuwar filta. Ka shafa ɗan sabon mai a zoben robar sabuwar, ka ɗaure ta da hannu kawai, ban da sifana. Ka mai da notin da sabuwar wosha, ba da ƙarfin tsiya ba, kada ka cinye haƙoransa. Ka zuba irin man da littafin motar ya faɗa, ka ta da inji, ka leƙa ko akwai yoyo, ka kashe, ka jira kaɗan, kāna ka auna da sandar awo. Man ya tsaya tsakanin alamu biyu. Yawansa ma ɓarna ne. Ka rubuta rana da kilomita a takarda. Littattafan maƙera da kansu suna cewa mai bin hanyar ƙura ya riƙa juye da wuri.

Kashedi uku. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jek kaɗai, sai ka tokare ta da kyau a ƙasa mai tauri. Kada ka sayi man awo a buɗaɗɗiyar kwalba a bakin hanya. Ka nemi wanda hatimin murfinsa bai karye ba, gama araha ba ta ado. Tsohon mai kuma guba ne: kada a zuba shi kusa da rijiya ko a gona, kada a shafa a miki, na mutum ko na dabba. A tara shi a galan mai murfi nesa da yara.

In ka yi duk wannan, amma salansa tana fid da shuɗin hayaƙi, ko fitilar mai ta ƙi mutuwa, ka kashe inji nan take ka kira makaniki. Wannan ya wuce aikin gida.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, kowace naira a gida tana da wurin zuwa. Tiyo da filta kuɗinsu kaɗan ne in an gwada da sauke inji. Ka kira ɗanka ya riƙe maka sifana ran Asabar, ya ga yadda ake yi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.